Tangaran ɗin Kaka Damaris

Dillali ya zo Kaltungo ran Asabar,
Bappah sunansa, tabarau rataye a wuya.
Ya ɗauki tangaran ɗin Kaka Damaris,
mai ruwan ganye, baki kamar na ƙwarya,
ya kifa shi, ya karanta tambarin gindi,
ya ƙwanƙwasa da farce, ya kasa kunne.

“Na Amurka ne, ginin mutanen da.
Ba don tsagar nan ba, da ya sayi saniya.
Yanzu kam, sai ɗan akuya.”

Tsagar?
Ni na yi ta, ina shekara bakwai,
garin satar zuma kafin a taso daga coci.
Kaka ta liƙe wurin da ƙaro,
ta ce wa Baba kyanwa ce.

Wata nas ta bar mata shi, tukuicin wanki
na shekara tara a asibitin mishan.
Ya ɗauki gishiri, ya ɗauki irin riɗi,
ya ɓoye kuɗin makarantata.

Bappah ya ƙara dubu biyar.
Na ce albarka.
Ya fita yana latsa waya.
Na mayar da tangaran bisa kabad,
tsagar tana kallon ƙofa.