Allura Goma Sha Biyu

Ni ce Sharofat, ta lungun maƙera a Bukhara.
Shekara talatin ina shuka rumman da zare
a kan farin yadi,
rumman da ba ya ruɓa, tsuntsu ba ya tsaga shi.

Da fari fitila na zarga.
Na ce Eshmurod ya sauya ƙwan lantarki, ya sauya.
Sai na koma kan masu ƙera allura:
'yan zamani, rowa har a kafa!
In lashi zare, in murza, in saita,
ya wuce ta gefe kamar baƙon da ya ɓata gida.
In miƙa hannu, in ƙara miƙawa,
har hannu ya ƙare, kafa ba ta bayyana ba.

Abin haushi, daga tsakar gidanmu
ina ƙirga tattabarun da ke kan ƙubba,
ina gane mai kankana tun daga bakin titi.
Nesa tana nan tare da ni.
Kusa ce ta yi yaji.

Zebo, autata, ba ta ce uffan ba.
Kullum kafin makaranta
sai ta zauna gefen shimfiɗa, baki cike da gurasa,
ta zura zare a allura goma sha biyu,
ja shida, kore huɗu, baƙi ɗaya, ruwan ƙwai ɗaya,
ta soke su a matashi kamar bayan bushiya.
Su ne guzurina har la'asar.
Ranar da suka ƙare da wuri, sai in kama shara.

Da kaka ta hau jirgin ƙasa, karatu a Tashkent.
Matashi ya wayi gari ba ƙaya.
Kwana tara ina zaune da rabin rumman a cinya.

Likitar ido yarinya ce, Dilafruz.
Baƙaƙen bango na zuba mata su kamar ruwa.
Ta miƙo ɗan kati:
tururuwa ke iyo cikin madara.
Ta ce, "Ba ciwo ba ne, inna, shekaru ne.
Akwai ɗan madubi a cikin ido
mai lanƙwasa kansa don ya kamo abin da ke kusa.
Halinsa halin gurasa:
da asuba laushi, da yamma sai an jiƙa a shayi.
Ba ɗigon maganin da zai mayar da shi safiya,
amma ana ara masa ƙarfi daga waje."
Ta yi ta sauya gilasai, wannan ko wancan, wannan ko wancan?
A na huɗu tururuwa suka tsaya cak,
suka zama kalmomi.
"Na aiki ne. In za ki tsallaka titi, cire.
Bayan shekara biyu ki dawo, zai nemi ƙari."

A gida kafar allura ta buɗe kamar ƙofar gari,
zare ya shiga ko sallama babu.
Sai dai tabarau ba ya rufa asiri.
Na ga rumman ɗin bara, 'ya'yansa a karkace.
Na ga inda na haɗa ja biyu da ba uwarsu ɗaya ba.
Na ga tsatsa a gindin butar shayi.
Eshmurod ya sunkuyo, na ga furfura har a gira.
Na ce, "Kai, yaushe ka tsufa?"
Ya ce, "Ba ni in gani."
Ya ɗora a hanci, ya jawo jarida,
ban sake ganin tabarau ba sai bayan magariba.

Zebo ta zo hutu, dusar ƙanƙara a kafaɗa.
Na cusa tabarau ƙarƙashin kwandon zare.
Da safe ta jawo matashi, ta zauna inda ta saba.
Na zuba shayi, na bar ta.
Ja, ja, kore.
A allura ta bakwai, ba tare da ta ɗago ba, ta ce,
"Inna, wannan shatin da ke karan hancinki
ya yi miki kyau."

Ta lashi zare, ta ɗauki ta takwas.