Jan Biro

Shekara goma sha tara ina riƙe da jan biro
a firamaren Gwammaja, aji mai yara tamanin.
Na taɓa ba Tasi'u sha ɗaya bisa ɗari,
na rubuta a ƙasa: "Kansa ba ya ja."
Uwarsa ta sa aka karanta mata,
ta ninke takardar, ta ƙunshe daddawa da ita.

Jiya babur ɗina ya mace a Ƙofar Ruwa.
Wani saurayi ya kara kunne a jikin injin,
ya ce, "Malam, filogi ne." Kuma shi ɗin ne.
Ya ƙi karɓar kuɗina:
"Haba, ai ni ɗalibinka ne, Tasi'u."

Bara'atu, da ta zo ta ɗaya sau shida,
tana yi wa 'yan Kantin Kwari lissafi,
ko kwabo bai taɓa ɓace mata ba.
Ita ma tawa ce.

Daren nan ga takardu jibge a tabarma,
an ɗauke wuta, fitila na lumshewa.
Da wane mudu nake awon nan?
Na ba yaron farko arba'in da biyu,
hannuna na ɗan rawa.