Mahaifar Aro

Ƙarfe uku na dare a Jidda,
ina goge ƙasan ɗakin bakwaini.
Kwalabe tara, kowace da ɗan mutum a ciki,
wani bai cika tafin hannuna biyu ba.
Na'ura na ƙirga musu numfashi
kamar tsohuwa da carbinta.

Likita Nuwaira ta yafito ni, ta miƙo waya:
ɗan tunkiya ne a jakar ruwa,
ido rufe, yana shure-shure,
uwarsa ba ta ko kusa.
Ta ce, Tasalla, wata rana ɗan Adam za a sa.
Wadda ba ta son cikin, a sauke mata,
a juye shi nan ya ƙarasa nuna.
Ba a kashe kowa ba, ba a tilasta wa kowa ba.
Gardama ta ƙare.

Na ce to.
Na matse tsummana a bokiti.

Hansatu na tuna,
da ta zo mini Sabil da takalmi ɗaya,
daga gidan aikin da ƙofar ɗakinta ba ta da sakata.
Wata uku. Ta riga ta sha abin da ta sha.
Tabarmata ta jiƙe kafin asuba.
Ba mu kai ta asibiti ba,
don a nan iƙama ake tambaya kafin suna.

To, da jakar nan tana nan a daren,
wa zai buɗe mata ƙofa?
Riyal nawa ne wata shida a cikin roba?
Kuma fitar da shi, ai da wuƙa ne,
cikinta za a tsaga, ba na masu gardama ba.
Ita ba nauyin kaɗai ta ƙi ba.
Cewa ta yi, kada wata rana in haɗu a kasuwa
da yaro mai hancin mutumin nan
da idona.

Amma ga na kwalba ta shida.
Mako ashirin da huɗu ya zo,
fata kamar ɓawon albasa,
yau yana hamma.
Bakina ba zai iya cewa da bai zo ba.

Na tambayi Malam Ɗanjuma mai sayar da turare,
in wata huɗu ta cika, mala'ikan busa rai
zai gane hanyar jaka?
Ya ce, wanda ya ji Annabi Yunusa a cikin kifi
roba ba za ta yi masa shamaki ba.
Na ce, yara biyu da suka kwanta jaka ɗaya fa,
'yan'uwa ne, ko za su iya aure?
Ya daɗe yana jera kwalabensa.
Ya ce sai ya duba.

Kakata ta taso daga Haɗeja a ƙafa,
shekara bakwai kafin ta ga teku.
A hanya ta haifi uwata, kusa da Nyala,
ta binne cibiya a gindin aduwa.
Mu kalma ɗaya muke da ita:
inda ka kwanta wata tara, mahaifa,
ƙasar da ka faɗo, mahaifa.
Ni da aka haifa a nan, takarda ta ce baƙuwa ce.
Ɗan jaka fa, ina zai ce garinsu?
Wa zai yi wa kuka a ji nono ya tsatso?

An kira salla.
Likita ta ce, kin yi shiru, me kika gani?
Na ce, ku ƙera, Allah ya sa albarka,
akwai uwayen da ke barin nan da zane babu goyo.
Sai dai kada ku ce gardama ta ƙare
alhali mai cikin ba ta yi magana ba.

Na shida ya motsa.
Na rage masa fitila,
na ja bokitina zuwa ɗaki na gaba.