Kitse Biyu a Faranti

Ƙarfe biyun dare, Tudun Wada ta yi tsit,
sai janaretan asibiti da ke tari a bayan gini.
Ni da faranti biyu ne a ɗakin nan.
Na hagu na rubuta masa: mace, arba'in da ɗaya.
Na dama: namiji, arba'in da uku.
Suna ba ya shigowa nan, ƙa'ida ce,
amma nas ta ce ita da dariya ta sa hannu:
"Ku kwashe duka, zanena ya huta."
Shi kuwa sai da ya tambaya sau biyu
ko za a neme shi da wannan lomar ran gobe.

A ido kitse dai kitse ne,
rawaya, kamar man shanun da ya kwana a ƙwarya.
Amma in an dasa shi jini bai kai masa ziyara ba,
unguwa ce ba hanya, ba rijiya,
mutanenta za su watse ɗaya bayan ɗaya.
Don haka nake gadi.
Ina jiran jijiya ta tsiro.

Kwana biyar, na sa ido a madubi:
nata ya fitar da zare, sirara, birjik,
kamar lungunan Rigasa,
kowa ya ja nasa ba tare da ya tambayi kowa ba.
Nasa ya yi zaman baƙo, hannu a gwiwa.
Har na fara yi masa tsaki.
Ran na tara sai ga guda ɗaya, kakkaura,
ta miƙe sak kamar layin dogo zai haye kogi.

Dakta Barmani tana son jimla ɗaya:
wane ne ya fi?
Ranki ya daɗe, mutum shida kacal na ƙirga,
kuma na watan jiya sun ƙaryata na yau.
Ko shekaru ne, ko suga, ko taba,
ko don nata daga cinya ne, nasa daga tumbi.
Ba zan ɗora wa jinsi kayan da bai ɗauka ba,
ba kuma zan ce bai zo kasuwar ba.

Hudu na Panteka bai damu da wannan ba.
Narkakken ƙarfe ya ci masa kunci,
ya bar rami inda murmushi ke sauka.
Jiya ya ce mini, yana rufe wurin da hula,
"Malama, in an cike, zai zauna?"
Na ce muna koya masa zama.

Asuba ta kusa.
Na canza musu ruwa, cokali ɗaya ɗaya,
na mai da su cikin ɗumi, na ja ƙofa.
A littafi na rubuta lamba,
na bar layin ƙasa fari.