Ɗan Littafin Tanimu, Daga Agege Zuwa Obalende

Tanimu, na karanta ɗan littafinka.
A Agege na buɗe shi, cikin danfo,
gwiwata na gugar buhun garin wata mata,
kafin mu sauka Obalende na kai bango.
Waƙa goma sha bakwai, shafi talatin da biyu.
Ko gosulon Oshodi ya fi shi tsawo.

Bari in fara da zuma.

Waƙar albasa ta kama ni.
Inda ka ce tirela ta kwana huɗu a hanya,
ruwan Ikko ya tarye ta kamar mai bin bashi,
kana tsince ruɓaɓɓu kana hawaye
kana ce wa yaranka yaji ne kawai.
Wallahi sai da warin ya taso mini daga takarda.
Sau uku kwandasta na miƙo hannu,
ban gan shi ba.

Sai wadda ka yi wa Inna, layi shida:
tana tambaya a waya ko ana wanki a bakin teku,
kati ya ƙare kafin ka ba ta amsa.
Nan ka ajiye alƙalami.
Ba ka ƙara ko wasali ba,
kuma shirun nan ya fi rabin littafin magana.

To amma gyara kayanka
ba ya zama sauke mu raba.

Amsa-amo ya sa maka igiya a hanci.
Don layi ya ƙare da "wa"
ka jawo giwa cikin waƙar ruwan sama.
Me giwa ke nema a Idi-Araba?
Kwatar ma da ƙyar take ɗaukar akuya.

Waƙa ta tara kuwa, ta Alhaji Sanda,
na san shi ya biya kuɗin bugu,
ba na ce kada a gode ba.
Amma ka kira shi zaki, ka kira shi hadari,
mutumin da muka gani da idonmu
ya ƙi shiga kwalekwale a Makoko
yana ta salati, hularsa a hannu.
Da wannan ka rubuta, da na haddace.

Mai injin Shomolu ma ya cuce ka.
Ba shi da ƙugiya ko ɗaya,
duk haruffanka sun fito da aski.
Ka ce ƙarya ta cika gari,
shi ya buga karya.
Na yi shafi guda ina jiran haushi.

Ga wadda ta fi ci mini rai.
Shekara ashirin da biyu kana garin nan,
'ya'yanka da Yarabanci suke mafarki,
amma waƙa takwas kana ƙarƙashin tsamiyar ƙauyenku.
Iya Risikatu da ke zuba maka amala bashi
tun kana kwana a kan buhu,
ko gaisuwa ba ta samu ba.
Ina gada da asuba? Ina kukan janareta?
Ina ranar da ruwa ya tafi da takalmanmu
muna sahu a masallaci?

Gajartarsa ita ce ta cece shi:
ban gaji ba, ban yi hamma ba.
Ita ce kuma ta kayar da shi,
don a ƙaramin kofi
ƙuda ɗaya ya isa ɓata shayi,
naka kuwa na ƙirga uku.

Ran Juma'a zan biyo ta rumfarka,
sai dai kuɗi zan kawo, ba littafi ba.
Manja ya ɗiga a shafin Inna,
na kuma naɗe kunnensa,
ba na mayarwa ba ne yanzu.

Ka sake rubuta wani.
Ka bar giwa a daji,
ka sa mu a ciki.