Awon Ƙirji

Bayan shagon waldar Mamuda a Muciya
muke da benci, katako ne kan bulo huɗu.
Sandar kuwa aksil ɗin tsohuwar Fijo,
da gwangwanin fenti biyu cike da siminti,
ɗaya ya ɗan fi ɗaya, kowa ya san wanne.
Da an sallame asuba muke haɗuwa,
kafin a kawo wuta, Mamuda ya kama sana'a.

Ƙarfe ba ya rufa wa kowa asiri.
Ranar farko ya tona ni gaban yara:
hannun dama ya tafi sama abinsa,
na hagu ya tsaya yana kakkarwa,
sanda ta karkace kamar sikelin macuci.
Mamuda ya sa yatsa biyu a ƙarƙashi,
ya ce, "Tura, ai ban taɓa ba."
Na san ya taɓa. Na tura.

Sai Tanimu ya sami aiki a Samaru,
ya sami katin wani gida mai madubai,
ya ce in zo in ga yadda ake yi a waye.
Kujera mai laushi, fanka a ka,
igiyar waya na bin taya shiru,
ka zare fil, ka soka inda ka ga dama,
nauyi ya ƙaru ba ka sunkuya ba.
Na zauna, na tura saba'in,
ni da hamsin ke sa ni kiran sunan uwata.
Na duba madubi, na gaishe da kaina.

Inji ya riga ya shata maka hanya,
kamar jirgin ƙasa kan dogo:
ba dama, ba hagu, ba tunanin faɗuwa.
Ƙirji kaɗai ke aiki, yana ƙuna sosai,
sauran jiki na zaune kamar ɗan rakiya.

Sati uku na yi ina hawa a-daidaita
daga Kwangila, ina ƙirga canji.
Da na koma Muciya da faɗin rai
na ce a ɗora min har da fulawil.
Sanda ta sauko, ta ƙi komawa,
kafaɗa ta yi ƙara, wani abu ya tsinke,
na ga fuskar Mamuda a kife bisa kaina,
wannan karon da hannu biyu ya ɗaga,
bai ce komai ba, hakan ya fi zafi.

Wata biyu ko buta ba na ɗagawa da hagu.
Abin kunya, injin nan ne ya yi jinyata:
fil a ramin farko, nauyin yara,
a hankali, ba wanda ke kallo,
ba ya dariya, ba ya kuma tambaya
me ya sa jiya ban zo ba.
Mamuda kuwa har gida ya biyo ni
da ledar ƙosai da faɗa.

Yanzu Litinin ƙarfe, Alhamis inji,
sauran kwanaki wake da barci.
Tanimu na cewa siminti ƙauyanci ne,
Mamuda na cewa waya aikin rago,
ni dai kafaɗata ta hana ni shiga gardama.

Jiya na kai yadi wurin Lawandi a Ƙofar Doka.
Ya zagaya min tef, ya duba tsohon littafi,
ya sake zagayawa, ya ciji fensir.
"Inci biyu da rabi," ya ce, "me kake ci?"
Na fara ba shi labarin sanda da taya.
Ya ce, "Ni ba ruwana da wanda ya gina,
yadin nan dai ba zai kai ba.
Ƙaro rabin yadi, ka kuma daina riƙe numfashi."