Kaurin Farce

A ƙasan akwatin Baffa Gambo,
ƙarƙashin rasiɗai da fasfon da ya mutu,
na tarar da shi naɗe cikin tsohon rawani:
gilashin jawo nesa,
tsawonsa kamu guda, nauyinsa na taɓarya,
murfinsa marfin gwangwanin madara.
Da shi Baffa ya ci abinci shekara talatin a Kasala,
yana bin 'yan ƙwallo da masu tseren raƙuma,
tun fim na zuwa daga Bor Sudan a aljihun direbobi.

Na kai bakinsa ga bakin kyamarata,
sabuwa dal, mai allo a ƙeya.
Suka ƙi juna.
Shi murɗi ya sani, irin na murfin kwalba,
ita haƙora uku gare ta, a danna a juya.
Har ta rubuta mini wai babu gilashi,
alhali ga shi nan, kafaɗata na tsami.

Usta Hamadnalla, can bayan 'yan albasa,
kayan famfon ban ruwa yake sassaƙawa,
bai taɓa ɗaukar hoton kowa ba.
Ya auna wannan baki, ya auna wancan,
ya ce in sayo jabana mai citta, in sami wuri.
Tagulla na zuba daga injinsa kamar ɓawon lemo.
Kafin la'asar ya miƙo mini zobe da ɗuminsa.

Ya shiga, ya kama ƙam.
Na ƙirga furfurar girar Usta ɗaya ɗaya,
na ga ƙuda kan buhu a tsallaken titi
yana wanke hannu.
Amma da na ɗaga wajen Dutsen Taka,
sai kunu.
Na murɗa har murɗi ya ƙare,
dutse ya ƙi fitowa.

"Zoben ya yi kauri," in ji Usta,
"ya nesanta ido da ƙwaƙwalwa."
Nawa ne kaurin?
Ya nuna mini farcen ɗan yatsansa.
Duk girman Taka, farce ya tare shi.
Ya goge, muka gwada,
ya sake gogewa, muka gwada,
a karo na huɗu tsagar dutsen ta buɗe tar,
har da wata akuya da ban san yadda ta hau ba.

Da asuba na tafi Totil.
Wannan gilashi ba ya saita kansa,
ba ya ƙara, ba ya lallashin hannu mai rawa.
Sai ka jingina da dutse, ka riƙe numfashi,
ka murɗa a hankali kamar mai neman tasha a rediyo.
A nan babban yatsana ya faɗa wani gurbi
inda fenti ya goge, ƙarfe ya yi santsi.
Ban nema ba.
Yatsan Baffa ya fi nawa faɗi.

Hoto arba'in na ɗauka,
talatin da bakwai hayaƙi ne.
A ukun da suka tsira akwai shirwa,
gefen fiffikenta da wani shuɗi-shuɗi
wanda ba Allah ne ya yi mata ba,
ga fumfunar da ta yi saƙa a cikin gilashi
ta tausasa rana ta kusurwar hagu.
Abokina Nuraini ya ce kwamfuta za ta share duka.
Na ce ya bari.

Na kai wa Inna Turai ta gani.
Yanar idonta ta fi ta gilashin kauri,
ba ta ko kalli allon ba.
Ta karɓe shi da hannu biyu,
ta shafa zoben tagulla, ta ce wannan baƙo ne,
ta murɗa kusa da kunnenta, ta saurara.
Can ta miƙo mini.
"Ina marfin? Rufe masa baki.
Mai shi ba ya son a bar shi buɗe."